Tarihin Emlen Tunnell, gwarzon tsaron baya a ƙwallon ƙafar Amurka

Emlen Tunnell shi ne baƙar fata na farko da ya buga wa ƙungiyar New York Giants wasa, kuma shi ne baƙar fata na farko da aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwarzayen ƙwallon ƙafa irin na Amurka.

A cikin shekaru 14 da ya yi yana wasa a gasar NFL, daga 1948 zuwa 1961, sau 79 yana cafke ƙwallon da abokan hamayya suka jefa wa junansu. Har yanzu mutum ɗaya ne kacal ya zarce shi a wannan fanni, wato Paul Krause, wanda ya cafke sau 81.

Masana tarihin wasan na danganta sunansa da wata dabarar tsaro da aka ƙirƙiro a 1950, wadda ta koya wa masu horar da 'yan wasa yadda za a haɗa aikin masu tsaron baya da na masu kai farmaki a gaba. A kan wannan tushe ne ƙungiyoyin NFL ke gina tsaronsu har zuwa yau.

Ƙuruciya da karayar wuya

An haifi Emlen Lewis Tunnell a garin Bryn Mawr na jihar Pennsylvania a cikin shekarun 1920, ya kuma tashi a unguwar Garrett Hill da ke wajen birnin Philadelphia. Mahaifiyarsa ce ta rene shi tare da 'yan uwansa, tana aikin gida a gidajen masu hannu da shuni na yankin.

Tun yana makarantar sakandare ta Radnor ya yi fice a wasanni, abin da ya ba shi damar shiga Jami'ar Toledo da ke jihar Ohio a 1942.

A kakar wasansa ta farko a jami'ar ne ya samu karaya a wuya ana tsakiyar wasa. Raunin ya yi tsanani har aka fara fidda rai da shi, kuma likitoci suka ce ya yi ban kwana da wannan wasa ke nan.

To sai dai cikin 'yan watanni ya miƙe, ya shiga ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar NIT a birnin New York a 1943.

A lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya nemi shiga rundunar sojan ƙasa da ta ruwa, dukkansu suka ƙi ɗaukarsa saboda raunin wuyan. Daga ƙarshe rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka ta karɓe shi a 1943, aka ba shi aikin hidimar abinci a jirgi, wanda shi ne aikin da akasari ake bai wa baƙar fata a jiragen yaƙi a wancan zamani.

Ceton rayuka biyu

A watan Afrilun 1944, jirgin dakon kaya mai suna Etamin da yake aiki a cikinsa na tsaye a Aitape da ke tsibirin New Guinea, sai wani jirgin saman yaƙi na Japan ya harba masa bom ɗin da ke tafiya ta cikin ruwa.

Wuta ta kama wani abokin aikinsa. Tunnell ya kashe wutar da tafin hannayensa, ya ɗauki mutumin ya kai shi wurin masu magani, shi kansa kuma ya ƙone a hannu.

A watan Maris na 1946 kuma, a tashar jiragen ruwa ta Argentia da ke Newfoundland, wani ma'aikacin jirgi ya faɗa cikin ruwa mai tsananin sanyi. Tunnell ya yi tsalle ya bi shi, ya fito da shi da rai.

Bayan an sallame shi daga aiki a wannan shekara, ya shiga Jami'ar Iowa, inda ya buga wasa a 1946 da 1947.

Zuwa New York

Daga 1934 zuwa 1945 babu baƙar fata ko ɗaya a gasar NFL. Babu wata rubutacciyar doka da ta hana, amma masu ƙungiyoyin sun daina ɗaukarsu baki ɗaya. Sai a 1946 ne ƙungiyar Los Angeles Rams ta ɗauki Kenny Washington da Woody Strode, yayin da Cleveland Browns, wadda ke wata gasa dabam mai suna AAFC, ta ɗauki Marion Motley da Bill Willis.

A 1948 babu ƙungiyar NFL da ta zaɓi Tunnell a zaɓen sababbin 'yan wasa. Don haka ya tsaya bakin hanya ya nemi taimakon masu mota, wani direban babbar motar dakon ayaba ya rage masa hanya zuwa New York, da 'yan kuɗi kaɗan a aljihunsa.

Ya shiga ofishin Giants ba tare da an gayyace shi ba, ya nemi a gwada shi. Mai ƙungiyar, Tim Mara, ya amince, aka rattaba hannu a kan kwantaragi. A kakarsa ta farko ya cafke jifa bakwai, a ta biyu kuma goma.

Yadda wasan yake

Ƙwallon ƙafar Amurka ya fi kama da zari-ruga, domin da hannu ake yin mafi yawansa. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11 a fili mai tsawon yadi 100. Ana bai wa masu kai hari dama huɗu su matsa gaba da yadi goma, ko ta hanyar gudu da ƙwallon ko ta hanyar jefa ta.

Mutum ɗaya ne ke jifar, shi ne kuma madugun masu kai hari. Ƙarfafa biyar ne ke tsayawa a gabansa su zama masa garkuwa, sauran biyar kuma na da izinin rugawa gaba su cafe abin da ya jefo.

Su kuwa masu tsaro aiki biyu ne a gabansu a lokaci guda. Waɗanda ke sahun gaba na ƙoƙarin fasa garkuwar su kayar da majefin tun ƙwallon na hannunsa. Waɗanda ke baya kuma na bin masu cafewa sau da ƙafa domin kada majefin ya ga wanda zai jefa wa.

Abin da ke haɗa ayyukan biyu shi ne lokaci. Majefi na buƙatar kimanin daƙiƙa uku kafin mutanensa su isa inda aka tsara musu. Idan 'yan baya suka rufe kowa na tsawon waɗannan daƙiƙoƙi, dole ya ci gaba da riƙe ƙwallon, 'yan gaba su cim masa. Idan kuma 'yan gaba suka matsa masa tun da wuri, sai ya yi jifar gaggawa ba tare da ya daidaita ƙafafunsa ba, ƙwallon ta tafi a karkace, ta faɗa hannun ɗan baya.

Babu ɗan bayan da zai iya bin mai cafewa har illa ma sha Allahu, domin mai cafewar ya san inda za shi, shi kuwa mai bin sa sai dai ya yi hasashe. Haka nan babu ɗan gaban da zai isa ga majefin da ya samu wanda zai jefa wa cikin daƙiƙa biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Matsalar mai horarwa ita ce lissafi. Mutum 11 ne kawai gare shi, kuma duk wanda ya ƙara a cikin masu farmaki, ya rage shi ne daga masu tsaron baya.

Tsaron laima

A 1950, bayan rushewar gasar AAFC, Cleveland Browns ta shigo NFL bayan ta lashe kofin waccan gasa sau huɗu a jere. Mai horar da ita, Paul Brown, da majefinta Otto Graham sun zo da salon jifa da aka tsara shi daki-daki a kan lokaci. A wasansu na farko sun lallasa Philadelphia Eagles, mai riƙe da kofin NFL, da ci 35 da 10.

Mai horar da Giants, Steve Owen, ya fito da nasa maganin. Ƙungiyarsa ta samu wasu 'yan wasa daga rusasshiyar ƙungiyar New York Yankees ta AAFC, ciki har da 'yan baya uku, Tom Landry da Otto Schnellbacher da Harmon Rowe, da kuma wani ƙaƙƙarfan ɗan gaba mai sauri, Arnie Weinmeister.

Owen ya jera mutum shida a gaba, ɗaya a tsakiya, huɗu a baya. Biyu daga cikin na bayan sun tsaya a gefe kusa-kusa, biyu kuma, Tunnell da Schnellbacher, suka ja can ciki. Tsayuwar tasu ta yi kama da buɗaɗɗiyar laima, ɗan tsakiyar kuma ya zama kamar mariƙinta, shi ya sa aka sa wa tsarin suna tsaron laima.

Sirrin tsarin na wurin mutum biyun da ke bakin sahun gaba, dama da hagu, Ray Poole da Jim Duncan. Wani lokaci su afka wa majefi, farmaki ya zama na mutum shida. Wani lokaci kuma su ja da baya su toshe gefen fili, farmaki ya koma na mutum huɗu, masu rufewa su zama bakwai. Majefi ba ya sanin wanne za a yi sai wasa ya motsa.

Landry, wanda bai fi shekara 26 ba a lokacin, shi ne ya riƙa yi wa abokan wasansa bayanin tsarin dalla-dalla a jikin allo.

Ranar 1 ga watan Oktoban 1950 aka gwada dabarar a Cleveland. Kafin hutun rabin lokaci mutanen biyu sun riƙa ja da baya, Graham bai samu jifa ko ɗaya da ta isa hannun ɗan wasansa ba. Da aka dawo Browns ta sauya salo, sai Giants ta sake su suka riƙa afka masa. An tashi 6 da nema, karo na farko ke nan da Browns ta gama wasa ba ta ci maki ko ɗaya ba tun kafa ta a 1946.

Giants ta sake doke ta da ci 17 da 13 bayan makonni uku. Amma a wasan raba gardama na watan Disamba Browns ta yi nasara da ci 8 da 3, ta kuma wuce ta ɗauki kofin shekarar.

Mai kai hari daga baya

A cikin wannan tsari aikin Tunnell shi ne ya tsaya can baya yana karanta idon majefi da kafaɗarsa. Da zarar ya ga 'yan gaba sun matse shi, ya san jifar za ta fito da wuri, sai ya bar wurinsa ya tari hanyar ƙwallon.

Wannan caca ce mai haɗari, domin idan farmakin bai isa ba, majefin zai iya jefa ƙwallon ta bayansa a ci ƙungiyarsa maki shida. Amincewar da ya yi da mutane irin su Weinmeister ce ta ba shi ƙarfin gwiwar yin hakan a kai a kai.

Ban da cafke jifa, shi ne ke karɓar ƙwallon da abokan hamayya suka buga sama da ƙafa, ya rugo da ita. A 1952 yadin da ya ci ta waɗannan hanyoyi ya haura 900, fiye da yadi 894 na Dan Towler na Rams, wanda ya fi kowa gudu da ƙwallo a cikin masu kai hari a shekarar. Wannan ne ya sa ake masa laƙabi da mai kai hari daga cikin tsaro.

Zamanin Landry

A 1954 Jim Lee Howell ya gaji Owen. Ya danƙa wa Vince Lombardi ɓangaren kai hari, Landry kuma ɓangaren tsaro.

Landry ya mayar da ja da bayan nan na wucin gadi ya zama tsari na dindindin: huɗu a gaba, uku a tsakiya, huɗu a baya. Hakan na nufin dole mutum huɗu kawai su iya matsa wa majefi lamba ba tare da an kawo musu ɗauki ba.

Giants ta nemo irin waɗannan mutane. Ta ɗauki Rosey Grier a 1955, sannan a 1956 ta samu Andy Robustelli daga Rams, da Dick Modzelewski, da Jim Katcavage, ga kuma Sam Huff a tsakiya. A baya Tunnell ya samu sabon abokin aiki, Jimmy Patton.

Ranar 30 ga watan Disambar 1956, a filin Yankee Stadium da ƙanƙara ta daskarar, Giants ta doke Chicago Bears da ci 47 da 7 ta ɗauki kofin NFL. A wannan zamani ne 'yan kallo a New York suka fara yi wa masu tsaro sowa kamar yadda ake yi wa masu cin maki.

Bayan shekara biyu kuma aka ga iyakar tsarin. A wasan ƙarshe na 1958, majefin Baltimore Colts, Johnny Unitas, ya riƙa sakin ƙwallo da wuri ga Raymond Berry, wanda ya cafe sau 12 ya ci yadi 178. Colts ta yi nasara da ci 23 da 17 bayan ƙarin lokaci. Wannan ne wasan ƙarshe da Tunnell ya buga wa Giants.

A wancan lokaci ba a ƙidaya yawan kayar da majefi a hukumance, domin sai a 1982 NFL ta fara rubuta shi. Saboda haka littattafan tarihi sun adana cafkewa 79 na Tunnell, amma ba su nuna rabon 'yan gaban da suka tilasta yawancin waɗannan jifa ba.

Green Bay

A 1959 Lombardi ya karɓi ragamar Green Bay Packers, wadda wasa ɗaya tak ta ci a cikin 12 a kakar da ta gabata. Tunnell na cikin mutanen farko da ya ɗauko daga New York, domin ya koya wa ƙungiyar tsarin tsaron Giants.

Green Bay ƙaramin gari ne a jihar Wisconsin da kusan babu baƙar fata a cikinsa, kuma samun gidan haya na yi musu wuya. Tunnell ya zauna a otal ɗin Northland, ya zama babban yaya ga matasan baƙar fata da ƙungiyar ta riƙa ɗauka, yana shiga tsakaninsu da mai horarwa da kuma mutanen gari. A nasa ɓangaren Lombardi ya hana 'yan wasansa baki ɗaya shiga duk wurin da ba a karɓar baƙar fata.

Cikin waɗanda Tunnell ya rena akwai Willie Wood, wanda shi ma babu ƙungiyar da ta zaɓe shi sai da ya rubuta wasiƙun neman gwaji, da kuma Herb Adderley. A sahun gaba kuma Lombardi ya samo Henry Jordan da Willie Davis daga Cleveland. Dukkan huɗun sun shiga zauren gwarzaye daga bisani.

Packers ta sha kashi a hannun Eagles da ci 17 da 13 a wasan ƙarshe na 1960. Ranar 31 ga watan Disambar 1961 kuwa ta casa Giants da ci 37 da nema, inda aka cafke wa majefin Giants, Y.A. Tittle, jifa huɗu. Da wannan kofi na biyu Tunnell ya rataye takalmansa.

Bayan ritaya

Lokacin da ya daina wasa shi ke riƙe da kambun NFL na yawan cafke jifa, da na yadi 1,282 da ya ci bayan cafkewar, da kuma na dawo da bugun sama sau 258. Sau tara aka zaɓe shi a wasan taurarin gasar.

Ya koma Giants yana zagaya jami'o'i domin nemo sababbin 'yan wasa, musamman jami'o'in baƙar fata na kudancin Amurka. A 1965 aka naɗa shi mai horar da 'yan bayan ƙungiyar, ya zama ɗaya daga cikin baƙar fata na farko da suka riƙe irin wannan muƙami a NFL bayan yaƙi.

A 1966 ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa mai suna Footsteps of a Giant. A 1967 aka shigar da shi zauren gwarzaye da ke Canton a jihar Ohio. Ban da kasancewarsa baƙar fata na farko, shi ne kuma na farko da ya shiga saboda aikin tsaron baya.

Ciwon zuciya ya sa ya bar aikin horarwa ya koma ofishin ɗaukar 'yan wasa. Ya rasu a watan Yulin 1975 a Pleasantville da ke jihar New York, inda Giants ke sansanin share fagen kakar wasa, sakamakon bugun zuciya.

Abin da ya bari

Dokokin wasan sun sauya bayan rasuwarsa. A 1978 aka hana 'yan baya bangazar mai cafewa da zarar ya wuce yadi biyar, aka kuma bai wa masu kare majefi damar miƙa hannayensu. Sauye-sauyen biyu sun ƙara wa masu tsaro wahala ta gaba da ta baya, amma lissafin mutum huɗu su kai farmaki bakwai su rufe bai gushe ba.

An ga haka a watan Fabrairun 2008, lokacin da Giants ta doke New England Patriots da ci 17 da 14 a wasan Super Bowl, bayan Patriots ta ci wasanni 18 a jere a kakar. Sau biyar aka kayar da majefinta Tom Brady. A cikin 'yan gaban Giants a ranar akwai Michael Strahan da Justin Tuck da kuma Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne.

A 2011 rundunar tsaron gaɓar teku ta bai wa Tunnell lambar azurfa ta ceton rai, shekara 65 bayan abin da ya faru a Argentia. A 2019 NFL ta sanya shi cikin 'yan wasa 100 mafiya fice a tarihinta.

A watan Oktoban 2021 kuma rundunar ta ƙaddamar da wani sabon jirgin sintiri mai ɗauke da sunansa a birnin Philadelphia, 'yan kilomitoci daga unguwar da ya tashi.